Ciwon sainos ya taso: a jira ne, a wanke hanci, a fesa magani, ko a sha antibayotik?

Da zarar hunturu ya kankama hazo ya sauka, sai ka ji kowa yana kuka da abu ɗaya: mura ta ƙi tafiya, hanci ya toshe ruf, kumatu da goshi sun yi nauyi, in ka sunkuya ɗaure takalmi ko ka yi sujada sai ka ji kamar fuskar za ta zubo ƙasa. Wani ma har haƙoransa na sama suke ciwo. Wannan shi ne ciwon sainos, kuma a nan ne mutane ke rabuwa, wani ya ce je kemis a haɗa maka, wata ta ce surace kawai, wani ya ce ai sai antibayotik irin su Augmentin. To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma maganar manya nake, ba yara ba, kuma wanda ciwon bai wuce sati 4 ba. Wanda ya shafe wata 3 yana fama nasa wani babin ne daban, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya gani.

A taƙaice dai, a cikin ƙashin fuska akwai koguna masu iska, a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowanne yana da ƴar ƙaramar ƙofa da take zubar da majina cikin hanci, kamar yadda kwata ke fitar da ruwa daga tsakar gida. Mura ta zo, fatar ciki ta kumbura, ƙofar ta toshe, majina ta taru, shi ne nauyin da kake ji. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne mafi yawan wannan ciwon bairos ne ke kawo shi, irin na mura, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. A cikin mutum 100 da suka yi irin wannan murar, waɗanda bakteriya za ta shiga musu daga baya ba su wuce 2 ba.

Kafin ka zaɓi komai, ka fara ƙirga kwanaki

Wallahi wannan ƙirgen ya fi kowane magani muhimmanci, don shi ne zai gaya maka wane layi kake. Likitoci suna zargin bakteriya ne in ɗayan ukun nan ya faru. Na farko, an kai kwana 10 babu alamar sauƙi ko kaɗan. Na biyu, tun farko abin ya zo da ƙarfi, zazzaɓi ya kai 39 a ma'auni, ga majina kamar mugunya ga ciwon fuska, kwana 3 zuwa 4 a jere. Na uku, ka fara samun sauƙi har ka koma harkokinka, sai wajen kwana na 5 ko 6 abin ya dawo fiye da da, da sabon zazzaɓi ko ciwon kai. In ba ka cikin ukun nan, kusan tabbas bairos ne.

Launin majina fa? Mutane da yawa da sun ga ta koma ɗorawa ko kore sai su ce shikenan ta zama cuta sai antibayotik. Ba haka ba ne. Launin yana zuwa ne daga ƙwayoyin garkuwar jikinka da suke faɗa a wurin, kuma mura ta yau da kullum ma tana yin haka a kwana na 3 ko na 4. Haka kuma hoton fuska ko sikanin ba sa bambance bairos da bakteriya, kar ka kashe kuɗinka a kai sai in likita yana tsoron abin ya bazu.

Ga abubuwan da zan auna kowane zaɓi da su: me yake yi a zahiri, nawa zai ci, saurin aikinsa da daɗewarsa, sauƙin yinsa a gida, da haɗarinsa.

Jira tare da maganin ciwo

Jira ba wai ka kwanta ka naɗe hannu ba ne. Ka sha ruwa sosai, ka huta, ka ɗaga kai da filo biyu in za ka kwanta, ka rufe hanci da takunkumi in za ka hau babur cikin ƙura, ka sha farasitamol ko ibufurofen don ciwon fuska da zazzaɓi. Binciken da aka tattara a kan manya ya nuna kusan rabi suna warkewa cikin sati 1 ba tare da antibayotik ba, kusan kashi biyu cikin uku kuma cikin sati 2. Wani lokaci ragowar toshewar tana kai sati 3 kafin ta washe gaba ɗaya, wannan ba abin tsoro ba ne matuƙar kullum ana samun ci gaba.

Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta. Haɗarin yana wajen maganin ciwon ne. Farasitamol babba ba zai wuce giram 4 a rana ba, wato ƙwaya biyu ta 500 sau huɗu, kuma dan Allah a lura, su Procold da Mixagrip da yawancin haɗin mura akwai farasitamol a cikinsu, in ka sha su ka ƙara da Panadol ka ninka ba ka sani ba, hanta ce ke biya. Ibufurofen ya fi taimakawa ciwon fuska ga wasu amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, da mai ciki su bar shi, kuma kar a sha shi ciki babu komai.

Wanke hanci da ruwan gishiri

Wannan shi ne wanda na fi so mutane su koya, don kusan kyauta ne kuma ana jin bambancin nan take. Ba ya kashe bairos, amma yana narkar da majinar da ta daskare, ya wanke ƙura, ya buɗe hanya ta yadda ko maganin fesawa za ka saka daga baya zai isa inda ake so.

Yadda ake yi: ka tafasa ruwa rabin lita, wato daidai cikin ledar fiya wata ɗaya, ka bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe ba a tule ba. In kana da bakin soda ka ƙara ɗan kaɗan, yana rage zafin. Ka sayi sirinji babba a kemis, mai cin mil 20, ka cire allurar ka yar. Ka sunkuya a kan baho ko makwarara, ka karkata kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta nan, ka tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama. Za ka ga ya fito ta ɗaya ƙofar, wani ya gangaro baki ka tofar, kuma sau da yawa a turawa ta biyu ko ta uku ne za ka ga wata majina mai kauri ta faɗo wadda duk fyacewar da kake yi ba ta fito ba. Ka juya ɗaya gefen. Ka fyace a hankali, ba da ƙarfi ba, kar kunne ya toshe. Sau 2 a rana ya isa, in abin ya yi yawa sau 3.

Wanda ya saba shaƙa ruwa a alwala ba zai sha wahalar koyo ba, sai dai shaƙar alwala ba ta shiga can ciki, kuma ruwa zalla babu gishiri yana da zafi a hancin da ya kumbura. In kana azumi ka bari sai bayan shan ruwa da kuma kafin sahur.

Haɗarin guda ɗaya ne amma babba: kar ka yi da ɗanyen ruwan rijiya, na tanki ko na ƴan garuwa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi wadda in ta bi ta hanci tana kaiwa ƙwaƙwalwa, ba kasafai take faruwa ba amma in ta faru da wuya a tsira. Tafasawa tana kashe ta. Ka haɗa sabo kullum, ka wanke sirinjin ka shanya, kuma kowa da nasa. Akwai ruwan gishiri na kwalba da ake sayarwa a shirye, yana da sauƙin ɗauka zuwa ofis amma ya fi tsada nesa ba kusa ba kuma feshinsa ba ya wankewa kamar sirinji.

Surace da kayan gida

Ruwan zafi a roba, a jefa Robb ko ganyen darbejiya ko tazargade a lulluɓa da bargo. Gaskiya ana jin daɗi na ɗan lokaci, mentol ɗin, wato sinadarin sanyin nan da ke cikin Robb, yana sa ka ji kamar iska na wucewa, amma da aka gwada surace a bincike ba a ga yana rage kwanakin ciwon ba. In yana maka daɗi ka yi, sai dai ƙuna ita ce matsalar, roba ta kife a cinya ba ƙaramin abu ba ne, kuma kar a yi yara suna zagaye. Tsumma mai ɗumi a ɗora a kumatu ya fi aminci. Shayin citta da kanumfari da zuma da lemon tsami yana gyara maƙogwaro kuma ruwa ne ke shiga jiki, ba ni da matsala da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗiga man tafarnuwa, man habbatus sauda ko ruwan albasa a cikin hanci, fatar wurin ta riga ta kumbura sai ka ƙara ƙona ta, kuma mai yana iya gangarawa huhu.

Maganin buɗe hanci, irin su Otrivin

Wannan shi ne mai saurin aiki a duk cikinsu, minti kaɗan hanci ya buɗe wayam ka yi barci. Yana matse jijiyoyin jinin hanci ne kumburi ya sauka na wasu awanni. Ba ya warkar da komai. Kuɗinsa matsakaici ne.

Tarkon yana nan: in ka wuce kwana 3 zuwa 5 kana sakawa, hancin yana sabawa, da maganin ya sake ka sai toshewar ta dawo fiye da farko, ka ƙara sakawa, ta ƙara dawowa. Akwai mutanen da suka shekara da kwalbar nan a aljihu suna cewa sainos ne ya ƙi warkewa alhali maganin ne ya zama ciwon. Don haka in za ka yi amfani da shi, da daddare kawai, kwana 3, ka ajiye. Mai buɗe hanci na haɗiya kuma, wanda ke cikin haɗin mura, yana iya ɗaga hawan jini ya sa faɗuwar gaba da rashin barci, mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ciki da dattijon da fitsari ke masa wuya su kauce masa.

Su Piriton da loratadin da setirizin fa? In kana da alaji, wato atishawa a jere, ƙaiƙayin ido da hanci duk lokacin da aka yi shara ko aka kunna turaren wuta, suna da amfani. In babu alaji ba abin da za su ƙara maka, Piriton ma busar da majinar yake ta ƙara kauri ga barci, direba ya kiyaye.

Feshin sitiroid na hanci

Mometason, fulutikason da makamantansu. Shi wannan rage kumburin yake a hankali ta yadda ƙofofin nan za su buɗe da kansu. Ba ya aiki nan take, sai an yi kwana biyu uku ana sakawa kullum kafin a fara ji, shi ya sa mutane ke cewa ba ya aiki su watsar. Amfaninsa matsakaici ne ba na mamaki ba, amma ga wanda ya kai kwana 10 ba zazzaɓi, ko mai alaji, yana da kyau a gwada na sati 2. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ma abin da ta ba da shawara kenan tun 2017 ga wanda ya haura kwana 10, kafin a yi tsalle zuwa antibayotik.

Ya fi Otrivin tsada amma ba ya kama mutum. Illarsa bushewar hanci da ɗan haɓo, musamman a hunturu. Dabarar ita ce ka wanke hanci tukuna, ka riƙe kwalbar da hannun dama in za ka fesa hancin hagu, ka nufi bakin wajen kunne ba wajen guringuntsin tsakiya ba, kuma kar ka zuƙe da ƙarfi ya tafi maƙogwaro.

Kar a haɗa wannan da sitiroid na sha ko na allura. Deksametason da firednisolon da ake jefawa cikin haɗin kemis saboda mutum ya ji garau washegari, ba su da gurbi a ciwon sainos na yau da kullum, suna ɗaga suga da hawan jini su tayar da olsa.

Antibayotik

Yanzu ga wanda ake rigima a kai. In ka shiga ɗayan rukuni ukun can na sama, to yana da gurbi, kuma a lokacin ka ga likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya ya rubuta maka. Abin da aka fi farawa da shi shi ne amoksilin, ko amoksilin haɗe da kilabulanik wanda aka fi sani da Augmentin, na kwana 5 zuwa 7 ga babba. Wanda fenisilin ke sa masa ƙuraje ko kumburi akan ba shi doksisaikilin, amma ban da mai ciki. In an yi kwana 3 ana sha abin yana ƙaruwa, ko an kai kwana 5 babu canji, a koma, kar a ƙara wani a kai da ka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake shan sa a rana ta biyu ta mura. Ka shiga kemis ka ce kaina da fuskata, a yanko maka Ampiclox huɗu, sifiro (wato sifirofuloksasin) biyu, a ƙulla a farar leda da Piriton da wata ƙaramar ƙwaya da ba a gaya maka sunanta ba. Bayan kwana biyar ka warke, ka ce maganin ne, alhali lokacin warkewar ne ya yi. Ko a cikin waɗanda likita ya duba ya ce sainos ne, in aka ba mutum 100 antibayotik, waɗanda za su warke da wuri saboda shi ba su fi 5 zuwa 11 ba, waɗanda zai ba gudawa, tashin zuciya ko ƙuraje kuma sun kai wajen 13. Mata kuma ga ƙaiƙayin gaba da ke biyo baya. Sannan kowane shan banza yana koya wa bakteriyar jikinka yadda za ta jure, ranar da ciwon huhu ko na fitsari na gaske ya zo sai maganin ya ƙi ci.

Wasu kuma ba ma su dace da wurin ba. Septrin da azitiromaisin bakteriyar da ke kawo sainos ta daɗe da saba musu a wurare da yawa. Sifiro ba shi da ƙarfi a kan babbar bakteriyar da ke kawo ciwon, ga shi danginsa suna iya lalata jijiyar agara har ta tsinke, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2016 cewa kar a ba da su don sainos in akwai wani zaɓi. Flagyl shi kaɗai ba maganin wannan ba ne. Allura ma ba ta fi ƙwaya ba ga wanda ke iya haɗiya.

Batun kuɗi: amoksilin yana da araha. Augmentin kuwa tun da kamfanin GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a 2023 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Ba dole sai mai wannan sunan ba, akwai na wasu kamfanoni masu sinadari iri ɗaya, ka dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar, ka kuma saya a famasi ba a tire cikin rana ba. In kuɗinka ba zai sayi na kwanakin duka ba gara ka gaya wa likita ya canza maka da ka sayi rabi.

| Zaɓi | Kuɗi | Saurin aiki | Tsawon amfani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Jira da maganin ciwo | Kaɗan | Cikin awa 1 ciwo ya lafa | Har a warke | Ninka farasitamol, olsa |
| Ruwan gishiri | Kusan kyauta | Nan take | Kullum ba damuwa | Ruwan da ba a tafasa ba |
| Surace | Kusan kyauta | Nan take, ba ya daɗewa | In ana so | Ƙuna |
| Su Otrivin | Matsakaici | Mintuna | Kwana 3 zuwa 5 | Hanci ya saba |
| Feshin sitiroid | Da ɗan tsada | Kwanaki | Sati 2 | Haɓo |
| Antibayotik | Araha zuwa tsada sosai | Kwana 2 zuwa 3, in bakteriya ce | Kwana 5 zuwa 7 | Gudawa, ƙuraje, ƙin jin magani |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In yau kwananka 2 zuwa 9, babu zazzaɓi mai zafi, kuma lafiyarka ƙalau dama can: ruwan gishiri safe da yamma, farasitamol in ciwo ya dame ka, Otrivin dare uku in toshewa ta hana barci. Kuɗin Augmentin ɗin ka bar shi a aljihu.

In kana da zazzaɓi da ciwon kai, musamman da damina ko bayanta, ka yi gwajin maleriya tukuna, minti 15 ne, don ana iya samun mura da maleriya tare kuma kowanne da maganinsa.

In ka kai kwana 10 abin yana nan yadda yake amma kana iya aiki kana cin abinci: ka ga likita, kuma kar ka yi mamaki in ya ce feshin sitiroid da wanki tukuna, a jira wasu kwanaki, in ba sauƙi sannan a fara antibayotik. Wannan tsari ne mai kyau matuƙar za ka iya komawa. Wanda ke ƙauye mai nisa da asibiti yana iya roƙon a rubuta masa takardar ya riƙe, ya saya in an kai ranar da aka yanke.

In ka samu sauƙi abin ya dawo da ƙarfi, ko zazzaɓin 39 ya ƙi sauka kwana 3 da mugunya: wannan layin antibayotik ne, kar ka tsaya surace.

Mai alaji da duk hunturu sai abin ya taso, feshin sitiroid da wanki su ne naka, ka ma fara tun hazo bai yi nisa ba. Mai ciki, ruwan gishiri da farasitamol, sauran komai sai an tambaya a wajen awo. Mai hawan jini ya guji haɗin mura na sha. Mai ciwon suga da ba ya saituwa, mai cutar da ke karya garkuwar jiki, mai shan maganin daji, su kar su jira kwana 10, su je da wuri, kuma in mai suga ya ga baƙin ɓawo a cikin hanci ko a ganɗa, ko gefen fuska ya mutu, asibiti ne a ranar.

In ciwon gefe ɗaya ne kawai, majinar tana wari, kuma akwai turmin haƙori na sama da ya ruɓe a wannan gefen, to tushen yana iya zama haƙorin, don saiwarsa tana dab da kogon kumatu. Duk antibayotik ɗin da za ka sha zai dawo sai likitan haƙori ya gyara.

Akwai kuma waɗanda babu zaɓi a kansu kwata-kwata: fatar ido ta kumbura ta yi ja, ido ya turo, kana ganin abu biyu-biyu ko gani ya ragu, goshi ya kumbura, ciwon kai irin wanda ba ka taɓa ji ba, amai, wuya ya sanƙare, ko mutum ya fara sambatu da yawan barci. Kogunan nan bango ɗaya ne siriri tsakaninsu da ido da ƙwaƙwalwa, kuma a yankinmu lokacin ƙura da zafi shi ne lokacin sanƙarau. A nan ba kemis, ba jira sai gari ya waye, a ɗauki mutum zuwa babban asibiti, sashen gaggawa, ko da tsakar dare ne.